Ƙishirwata Daga Khartoum Zuwa Iyakar Masar

Firji na fara nema da na sauka Khartoum, tun kafin in tambayi inda zan kwana. Ɗaliban ƙasarmu sun tarye ni a ƙofar masauki, wani ya karɓi jakata, wani ya kawo shayi, ana ta sannu da hanya. Ni kuwa hankalina yana kan ɗan fulas ɗin da na rungumo tun daga Bunkure, don ina jin ƙanƙarar ciki ta narke tana kaɗawa. Da gaisuwar ta ƙi ƙarewa sai na ce, “Don Allah ina firjinku yake?”

Suka kalli juna. Wani dogo mai tsagar Barebari ya fashe da dariya ya ce, “Malam, nama ka taho mana da shi?”

Shi ne Bukar, mutumin Maiduguri, wanda aka haɗa mu ɗaki ɗaya. Ya kai ni kicin, ya ture robobin miyar mutane gefe, na jera 'yan kwalabena a lungu. Bai tambaye ni komai ba sai bayan mun yi sallar la'asar. A nan na ba shi labari.

Sunana Nafi'u. Gidanmu gidan malamai ne, amma kamar kowa a yankinmu muna noman rani. Da safe in koyar a Islamiyyar mahaifina, Baba Malam, da yamma in tafi gonar tumatir a bakin kanal. Wata rana na ɗauro kwanduna a babur zan kai kasuwar Kwanar Gafan, wata mota ta goge ni, kaina ya bugu da kwalta. Karayar hannu ta warke, ɗinkin goshi ya warke, sai ƙishirwa ta zauna.

Wanda bai taɓa jin irinta ba zai ɗauka ƙari nake yi. In shanye kofi, kafin in ajiye shi bakina ya bushe. Abin da na sha kuma ba ya zama, fita yake yi fari tas kamar na famfo. Na daina barci, na daina jan sallah, don ba ni da tabbacin alwalata za ta kai ni sallama. An auna ni sukari ya fi a ƙirga, babu. Inna ta ce sammu ne. Baba Malam ya yi ta yi min rubutu, ni kuma ban taɓa ƙi ba, tunda ruwa ne.

Sai da aka tura ni babban asibiti a Kano. Wata likita ta zana kan mutum a takarda, ta ɗiga alƙalami a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta ce, “Akwai wata 'yar halitta a nan, ba ta fi ƙwayar wake ba. Daga nan sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa yake fitowa. Taka ta ji rauni a haɗarin nan, shi ya sa ƙodarka take zubar da duk abin da ka ba ta.”

Na ce, “Likita, zai warke?”

Ta ce, “Ba zan yi maka ƙarya ba, Malam. Da shi za ka rayu. Amma akwai magani.”

Maganin na feshi ne a hanci, safe da yamma, sunansa desmofiresin, kuma irin wanda nake samu ba ya son zafi. Ranar da na fara shi na yi barcin da sai da Inna ta taɓa ni ta ji ko ina numfashi. Da shi na yi aure, da shi Hauwa ta haifa min 'ya'ya biyu. Ina ajiye shi a firjin wani mai kemis da ke da sola, in je in fesa in dawo. Da na sami gurbin karatun Larabci a wata jami'a a Sudan, abin da Hauwa ta fara cewa shi ne, “Malam, maganin fa?” Na ce ai babban birni ne, ba za a rasa ba.

Da Bukar ya gama ji ya ce, “To, gadon da ke kusa da ƙofa naka ne.”

Shekarar farko ban sha wuya sosai ba. Mutanen Khartoum suna da wata al'ada da ta yi min rana: suna jera randuna a bakin titi ƙarƙashin inuwa, su cika da ruwa saboda masu wucewa. Zir suke kiran randar. Kafin wata guda na san duk inda zir yake tsakanin masauki da makaranta, na san masallacin da bayinsa ke buɗe da wanda ake kullewa. Sauran ɗalibai suna kwatance da sunan titi, ni ina yi da randa.

Na kuma sami kantin magani na wata mata, Duktora Samiya. Ranar farko da na miƙa mata kwalbar ta duba ta ce, “Sukkari kazib.” Wato sukari na ƙarya, haka sunan ciwon yake a Larabci. Ta ce a duk unguwar ni kaɗai ne mai saye, amma za ta riƙa yi min oda. Ta rubuta lambata a bango kusa da firjinta. Duk sanda kaya suka zo sai ta kira: “Ya Nafi'u, ta'al,” wato in zo. In na je sai ta tambayi yarana da sunayensu, tana kiran Safiya daidai, tana ɓata sunan Ɗanlami.

Azumi ne ya fara nuna min cewa baƙo ba shi da sirri. A gida kowa ya san ba na azumi a zafi, likita ta hana, Baba Malam da kansa yake auna hatsin ciyarwata. A masauki kuwa ga ni da gemu, ana ce min Ustaz, sai a gan ni na fito daga kicin da rana ina goge baki. Wata rana ina wucewa na ji Kabiru, shugaban ɗaliban masaukinmu, yana cewa, “Ciwon da su kansu likitoci suka ce na ƙarya ne.” Aka yi dariya. Bukar ya leƙo ta taga ya ce, “Kabiru, ka zo ka kwana ɗakinmu ranar da maganinsa ya yi jinkiri, in ka iya barci ka dawo ka faɗa.” Daga ranar na koma sha a ɗaki, ƙofa a rufe.

A shekara ta biyu maganin ya fara wuya. In je wurin Duktora ta ɗaga hannu ta ce, “Ma fi.” Babu. In koma bayan mako, babu. Ana haka aka haɗa ni da wani Alhaji Gambo, ɗan ƙasarmu da ya daɗe a can yana safara tsakanin Alƙahira da Khartoum. Shi ke kawo wa ɗalibai littattafai da waya da jallabiya. Mutum ne mai daɗin baki, in yana magana sai ya dafa kafaɗarka. Ya ce, “Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka. A Masar wannan kamar gyaɗa yake.”

Ya kawo min kwalba uku a leda, da sanyinsu. Ya ce, “A ƙanƙara na riƙo su tun daga can, ko barci ban yi ba.” Na yi ta godiya, har da addu'a. A makon ne kuma Duktora ta kira ta ce ta samo guda ɗaya. Sai na ci gaba da nata, na ajiye na Alhaji Gambo a lungun firji saboda wata rana. Duk sanda na buɗe firjin na gan su sai in ji sanyi a raina.

Yaƙin ya tashi da safiyar wata Asabar a goman ƙarshe na azumi. Muna shirin fita muka ji kamar ana sauke kwanon rufi daga mota, sai kuma gini ya girgiza. Jirage suka fara wucewa ƙasa-ƙasa. Kafin azahar wuta ta ɗauke. Washegari famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Na kwashe kwalaben daga firji na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, na cusa ƙarƙashin randar masauki. Muna kwance a ƙasa nesa da taga, kowa da waya a hannu yana lallaɓa caji. Aka yi Sallah ba wanda ya je idi. A ranar ce kwalbar Duktora ta ƙare. Na buɗe ta farko cikin na Alhaji Gambo, na fesa, na zauna ina jira. Na san yadda yake in ya kama: bakinka zai jiƙe, cikinka ya natsu, kamar an rufe ƙofa. Ba abin da ya rufu. Na ƙara fesawa. Da yamma na buɗe ta biyu, washegari ta uku. Bukar ya karɓi ɗaya ya kai ta haske, ya sa farce ya ɗaga wata 'yar takarda da aka manna a gindinta. A ƙarƙashi an kankare kwanan watan da wuƙa ko reza.

Na kira Alhaji Gambo, waya a kashe. Har yau a kashe take.

Da aka ce an tsagaita wuta muka bi lungu ni da Bukar zuwa kantin Duktora. An ɓalle ƙofar. Kantoci duk wayam, takardu a warwatse, firjin a kwance da bakinsa a buɗe. Lambata tana nan a bango. Na yi ta kiran wayarta har ta shiga. Ta ce sun gudu ƙauye ita da mahaifiyarta. Na gaya mata abin da ya faru. Ta ce, “Ka saurare ni da kyau. Muddin kana samun ruwa ba za ka mutu ba, wahala kawai za ka sha. Ka sha duk sanda jikinka ya nema, kada ka ji kunyar kowa. Amma in ruwa ya yanke maka, ba za ka jima ba. Ka fita daga garin nan.”

Ruwan masauki a lokacin daga wata rijiyar masallaci ake ɗebowa, in an sami sarari. Ni kaɗai ina shan na mutum biyar ko fi. Ba wanda ya ce min komai tukuna, amma in na nufi randa sai hira ta tsaya.

Hauwa ta same ni a waya. Na ce lafiya lau muke. Ta ce, “Malam, muryarka ta bushe. Maganin ya ƙare ko?” Na ce akwai saura. Ta ce, “Ni fa na san muryar nan.” Sai ta fara ba ni labarin gida don kada ta yi kuka: an saki ruwa a kanal, shinkafar yayana ta yi kyau, Ɗanlami ya faɗa cikin ruwa wajen kamun kifi an tsamo shi yana dariya. Bayan ta kashe na daɗe ina tunanin wata 'yar mashiga a kusurwar gonata inda ruwa kan ɓalle ya malala kan hanya, mu yi ta faɗa da maƙwabcina kan wanda zai toshe. Wani lokaci kwana yake yi yana zuba ba wanda ya kula.

Daga ƙarshe aka ce an samo motocin da za su kai ɗalibai iyakar Masar. Aka ce kowa jaka ɗaya. Na zubar da littattafaina na ɗauki jarka biyu. Muka zauna a kujerar ƙarshe ni da Bukar, ɗalibai mata suna gaba. Direban ya faɗa tun kafin ya tayar da mota cewa ba zai tsaya ba sai inda aka tsayar da shi.

Abin da ya biyo baya ban taɓa gaya wa Baba Malam ba. Na tanadi gorar roba da na yanke wa baki. In abin ya matsa sai in taɓa Bukar, shi kuma ya miƙe ya ware sallayarsa ya kare ni, yana kallon gaba kamar mai duba hanya. In gama in zubar ta taga. Kafin mu fita daga gari na yi haka ya fi sau nawa. Motar tana tsalle, tufafina suka ɓaci. Ni da nake koya wa yara babin tsarki, na yi sallah a zaune a haka, ina roƙon Allah Ya karɓa.

A wani shinge masu bindiga suka hau motar. Yara ne ƙanana, rawani a fuska. Ɗaya ya zo har baya, ya ga jarkokina, ya ɗauki ɗaya. Na ce da Larabci, “Ni mara lafiya ne.” Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ƙato mai ƙafa biyu da hannu biyu, ya sauka da ita.

Washegari da hantsi, a tsakiyar sahara, motocin suka tsaya. Direbobi suka sauka suka shimfiɗa tabarma a inuwar mota, suka ce akwai maganar da ba a gama ba tsakaninsu da waɗanda suka ɗauko su, ba za su motsa ba sai an gama. Ba mu san mai gaskiya ba. Ba gari, ba bishiya, ba layin waya sai an hau kan mota. Kabiru ya tara mu ya ce a haɗa duk ruwan da ke motar wuri ɗaya, a riƙa rabawa da murfin fulas, kowa daidai da kowa. Shawara ce mai kyau, ni ma na sani. Ya zo ya kama hannun jarkata.

Na ce, “Kabiru, ka san larurata.”

Ya ce, “Ustaz, akwai mata a motar nan. Akwai mai ciki. Kai kaɗai ka sha rabin jarka daga jiya zuwa yau, kuma muna gani kana zubarwa ta taga.”

Wani daga gaba ya ce, “Ya yi haƙuri mana kamar kowa.”

Gaskiya ya faɗa, ta taga yake fita. Na sake masa jarkar.

Da aka zo rabo, Bukar ya karɓi murfinsa ya kai baki, ya jiƙa leɓe, ya miƙo min ta ƙasa. Na ce a'a. Ya ce, “Mu Barebari raƙuma ne, ba ka sani ba? Karɓi kafin a gani.” Na karɓa. Rabo na gaba ma haka. Wata ɗaliba da ban san sunanta ba ta aiko min da lemon tsami guda biyu ta hannun na gabanmu, ba ta ko waiwayo ba.

Sai da rana ta yi sanyi direbobin suka tashi. Muka isa iyaka muna murna, ashe nan ne zaman yake. Fili ne fetal, motoci sun yi layi iya ganinka, Sudanawa da iyalansu da tsofaffinsu a kan katifu a ƙasa. Ƙofa a rufe. Kullum a ce gobe. Ba mai komawa baya, don baya yaƙi ne. Masu sayar da ruwa sukan zo da mota, kafin ka kai gaba ya ƙare. Bayi kuwa babu, sai dai ka yi nisa cikin rairayi, ni kuma ƙafafuna sun daina kai ni nisa.

Ban iya tuna kwanakin nan a jere. Na san harshena ya kumbura har magana ta yi min nauyi. Na san na daina gumi. Ina kwance ƙarƙashin mota, fitsarin bai fasa ba, jikina yana ta zubar da abin da ba shi da shi. An ce na riƙa kiran Hauwa ina cewa ta rufe mashiga. An ce Kabiru da kansa ya zo ya tsuguna a kaina da gorar ruwa cikakkiya, yana cewa, “Ustaz, ka yafe min, wallahi ban san haka abin yake ba.” Ban ji shi ba.

Abin da Bukar ya yi daga baya aka gaya min. Ya ɗauki kwalbar da ta ƙare ya fara daga motar farko. Ya hau kowace mota, ya tsaya kan kowace katifa, yana nuna kwalbar yana tambaya. Wasu suka miƙo masa maganin sukari, wasu na hawan jini. Tun safe yake yi har rana ta take. A can wajen ƙarshen layi wani tsoho ya karɓi kwalbar ya sa tabarau. Likitan yara ne da ya gudo da iyalinsa. Ya ce shi ba shi da shi, amma ana ba yara masu fitsarin kwance irin wannan maganin a ƙwaya, don haka a daina tambayar tsofaffi, a tambayi iyaye mata. Ya tashi ya bi Bukar. Shi yake yi wa matan magana a hankali, don ba abu ne da uwa za ta amsa a gaban jama'a ba.

Na farfaɗo na ga tsohon yana riƙe da hannuna, wata mata kuma a tsaye a bayansa cikin farin mayafi da ya yi ja saboda ƙura. Ta kwance bakin mayafin ta fito da katin magani, ta karya shi biyu. Ta miƙa wa likitan rabi. Sai ta dube ni, ta dubi rabin da ke hannunta, ta miƙa masa shi ma.

Likitan ya ce mata, “'Yarki fa?”

Ta ce, “A kan rairayi muke kwana, ya Duktur. Me za ta ɓata?”

Ya sa min ƙwaya ɗaya, ya sa aka riƙa ba ni ruwa kaɗan-kaɗan. Ya ce da Bukar, “In maganin ya kama, kada ya ci gaba da sha kamar da. Sai in ya ji ƙishirwa. In ya cika ciki alhali ƙoda ta riƙe ruwa, wannan ma kisa yake.” Na yi ƙoƙarin yi wa matar godiya, harshena ya ƙi. Ta ce, “Salamtak,” wato Allah Ya ba ka lafiya, ta juya. Ummu Tasnim, abin da na ji likitan ya kira ta ke nan. Iyakar abin da na sani game da ita ke nan.

Wajen la'asar na ji yawu ya dawo bakina. Na yi barci a wurin, a ƙarƙashin mota, ƙudaje suna bina.

Da na tashi ban ga Bukar ba. Aka nuna min shi a inuwar wata mota, an jiƙa tsumma an ɗora masa a goshi. Ya yanke jiki ya faɗi a layin ruwa. Leɓensa duk sun tsage, idanunsa sun faɗa. Da aka kawo rabo na karɓi nawa na je na tallafo kansa. Ya buɗe ido ya ce, “Naka ne.” Na ce, “Likita ya hana ni. Sha, raƙumi.” Ya sha yana dariya, ruwan yana zuba ta gefen bakinsa.

Da aka buɗe mana ƙofa na bi layin Sudanawa ina neman farin mayafi. Fararen mayafai sun yi yawa. Kabiru yana ta kirana mota za ta tashi, dole na koma. Daga nan sai Aswan, sai jirgi, sai gida.

A Bunkure mutane suka yi ta zuwa barka. Kowa yana tambayar bindiga da jirage, ni kuma in ba su labarin bindiga da jirage. Likitata ta mayar da ni kan ƙwaya, ta ce ta fi jure tafiya. Na koma Islamiyya, na koma gona. Abokan karatuna suka watsu, wasu suka sami gurbi a wasu ƙasashe suka ƙarasa. Ni ma an yi min tayi. Na karanta saƙon na ajiye wayar.

Ban gane abin da tafiyar ta yi min ba sai da Bukar ya sa ranar aure. Ya ce ni ne babban aboki. Hauwa ta kai min shadda ɗinki, na sami magani na wata biyu, na cika jarka, na tafi tasha a Kano da sassafe. Na sami kujerar taga. Mota ta cika, yaran tasha suna ɗaure kaya, sai direban ya leƙo ya ce, “Jama'a, duk mai uzuri ya yi yanzu, ba tsayawa sai Potiskum.” Na sha maganina da safe, ba abin da ke damuna. Amma sai na ji bakina ya bushe ƙaf. Na ce a buɗe min. Aka yi ta mita, aka sauke mutum uku kafin in fita. Ina tsaye aka sa wani a kujerata, motar ta tafi.

Na kira Bukar. Kafin in yi magana ya ce, “Ka sauka ko?”

Na ce, “Na sauka.”

Ya ce, “To koma gida. Ka ajiye shaddar, kada ka sa ta.”

Bayan biki da 'yan makonni, lokacin ɗibar tumatir, ina gona aka aiko cewa na yi baƙi. Na tarar da Baba Malam a zaure tare da Bukar, amaryarsa Falmata tana ciki wurin Hauwa. Bukar ya sa na shiga na sa shaddar. Inna, wadda ba ta fitowa gaban baƙi maza, ta fito har bakin zaure. Ta ce, “Kai ne Bukar?” Ya durƙusa ya ce shi ne. Ta ƙare masa kallo, sai ta koma ciki. Can sai ga yayana yana jan buhun shinkafa, ya ce Inna ta ce a sa a mota, kuma ba ta son jin wata magana.

Kwana biyu suka yi. Na raka su Kano, har tashar nan. Bukar ya sa Falmata a ciki, ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙofa ya ce, “Akwai wuri ɗaya fa, Malam Nafi'u. Kusa da ni. Na taho da sallaya.”

Na dubi kujerar. Na ce, “Ba yau ba.”

Ya ce, “To, in ranar ta zo ka kira ni, in zo in ɗauke ka.”

Na rufe masa ƙofar da hannuna. Na tsaya har suka fita daga tasha, sannan na tsallaka titi na nemi motar Bunkure.